Igiyar Ruwa ta Hagu

Karo na uku ke nan Des Pybus yana kankare kusurwar hagu ta allonsa da wuƙar fenti. Agogon bango ya nuna uku da kwata. Da ƙarfe huɗu Malama Noelene za ta duba aikin ɗalibanta shida, ta zaɓi uku da za su ci gaba da ajin. Sauran sai su tattara buroshinsu.

Zanen da suke kwaikwaya yana rataye a gabansu: baƙaƙen duwatsu da teku mai tafasa, aikin wani gwani da ya rasu shekara ɗari da suka wuce. Mako takwas Des yana zuwa gidan zane-zanen garin duk Talata. Duwatsun sun zauna masa, sararin sama ma haka. Igiyar ruwan da ke hagu ce ta gagara.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana kamun kifi a gabashin tsibirin Tasmania kafin ciwon gwiwa ya sauke shi daga jirgi. Tun daga lokacin, ajin nan kaɗai ke fitar da shi daga gida. Kuma ya san ruwa. Gizagizan zanen sun nuna iska daga kudu take kaɗowa, amma gwanin ya sa igiyar ta fashe tana fuskantar kudun. Duk sanda Des ya ɗora buroshi, sai hannunsa ya juya ta yadda teku ke yi.

"Kyaftin, allo ne fa, ba kifi ba," in ji Bev, tsohuwar nas ɗin da ke zane a gefensa. "Ka kankare shi har ya kusa hujewa."

"Mutumin nan bai taɓa jiƙa ƙafarsa a teku ba, Bev."

"To, nasa dai yana bango, naka yana bakin wuƙa."

Malama Noelene ta zo wucewa da kofin shayi, ta dubi kusurwar da babu komai a kanta.

"Malama, ruwa ba ya tafiya haka," in ji Des.

"A nan ba ma gyara wa matattu aiki. Abin da ka gani za ka sa, ba abin da ka sani ba." Ta dubi agogo, ta wuce.

Des ya dubi agogon shi ma. Ya tuna kujerarsa a gida, da talabijin ɗin da ke kunne tun safe. Ya yagi kwalin biskit ɗin Bev, ya huda masa ƙaramar taga, ya rufe ido ɗaya ya leƙa zanen ta ciki. Ta tagar babu igiya, babu iska, sai tabon kore mai duhu kusa da toka-toka. Ya haɗa launin ya ɗora. Ya matsar da kwalin, ya sake haɗawa. Farin kumfa ya bari ƙarshe, mai kauri, shafa ɗaya tak, don in ya maimaita zai cakuɗe da ɗanyen fentin ƙasa ya koma laka. Ya shafa shi, ya ajiye buroshin.

Huɗu da minti biyu Malama ta tsaya a bayansa. Ta duƙa ta ƙura wa kusurwar hagu ido. Des yana jin numfashinta.

"Yawwa," ta ce. "Yau ka zana teku na gaskiya, Des. Har sanyinsa nake ji. Kana cikin ukun."

Des ya dubi igiyar tasa tana gudu gaba da iska, abin da bai taɓa gani ba tsawon zamansa a ruwa.

"Talata ƙarfe nawa, Malama?" ya ce.