Ƙafafun da Ba Sa Son Zafi

Shekara goma sha tara Baba Direba yana jan motar yaran makaranta, ko kaza bai taɓa takewa ba. Sai dai Allah ya haɗa shi da ƙafafu marasa mutunci. Duk tsawon sanyi lafiya lau suke, ka rantse na wani ne. Da zarar zafi ya kunno kai kuwa, an shiga uku. Yana kwanciya sai ya ji kamar tururuwa na yawo a cikin ƙwaurinsa. Ba ciwo ba, ba ƙaiƙayi ba, abu ne dai da ba ya barin mutum sai ya motsa. Ya tashi ya zaga ɗaki, ya tsoma ƙafa a bokiti, ya koma ya kwanta, abin ya dawo sabo fil.

"Baban yara, wannan shuri fa?" in ji maiɗakinsa. "Ni ka aura ko ƙwallo?" A shekarun farko da dariya take faɗa. Daga baya filonta ta ɗauka ta koma falo, kuma bai ga laifinta ba.

A zafin bara ne ya gyangyaɗa a danja, da yara talatin a bayansa, sai hon ɗin motocin baya ne ya farkar da shi. Ya sami shugabar makarantar ya faɗa mata gaskiya, ya roƙa a riƙa mayar da shi gadin ƙofa a watannin zafi, in sanyi ya shigo ya koma mota.

"Kawo takardar likita, Baba," ta ce. "Ba na iya canza maka aiki da fatar baki."

A asibiti aka ce sai ya kwana can dare ɗaya an auna barcinsa, layin kuma da tsawo. Aka ba shi rana bayan wata shida. Bawan Allah ya karɓi katin har da godiya, bai tsaya ya lissafa watannin ba. Sauran zafin da shayi mai ƙarfi da cizon leɓe ya ƙarasa shi.

Ranar ta faɗo a tsakiyar sanyi. Aka manna masa wayoyi a ka da ƙafafu, aka kashe fitila. Ya kwanta yana roƙon ƙafafun nan su nuna halinsu ko da sau ɗaya. Ina! Ko ɗan yatsa bai motsa ba. Barci ya sha har da minshari, sai da nas ta tashe shi.

"Likita, wallahi da zafi suke yi."

"To ka dawo da zafin, Baba. Ni abin da na'ura ta nuna shi zan rubuta."

Mai ba da kati ta ce wanda aka rubuta wa lafiya ba a sake sa shi a layi sai ciwon ya dawo. Layin kuwa yana nan da wata shidansa.

Shugabar ta karanta takardar ta yi murmushi. "Alhamdu lillahi, ashe lafiyarka ƙalau."

Zafin bana da wuri ya zo. Kwana huɗu bai runtsa ba. Ran na biyar, da aka tashi daga makaranta, ya tada mota, ya dubi madubi yana kallon yaran suna turereniyar shigowa. Kowace fuska biyu yake ganinta. Ya kashe motar, ya kai makullinta ofis ya ajiye a kan teburin shugabar.

"Baba, in ka ajiye, gobe wani zan ɗauka. Takardarka ta ɗaure mini hannu."

"Na sani, ranki ya daɗe."

Ya taka a ƙafa har gida. Ya tarar da maiɗakin nasa tana goge masa rigar aikin gobe. Ya faɗa mata a tsaye, a taƙaice. Ta jingine dutsen gugar a hankali.

"To yanzu fa?"

"Sai sanyi."

"Wa zai ajiye maka mota har sanyi, Baban yara?"

Ta dubi rigar, saura hannu ɗaya, ta ƙarasa goge shi.