Ɗigon da Ke Cikin Dutsen Farfesa

Tun tana ɗalibar ajin ƙarshe a jami'a ta fara ganin ɗigon nan, ga shi yanzu furfura ta soma leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ɗigo yana nan inda yake. Malama Tsakuwa ɗalibai suke kiranta a bayan idonta, saboda jakarta ba ta rabo da duwatsu. Mijinta ma in ya ɗaga jakar sai ya ce, "Yau kuma wane gida za mu gina?" Ta daɗe da daina yi wa maganar dariya, shi kuma bai gaji da faɗinta ba.

Dutsen na Farfesa ne, malaminta, wanda ya koya mata aikin nazarin duwatsu tun daga riƙon guduma. Ya tsinto shi yana saurayi a wata mahaƙa da aka rufe daga baya, ruwa ya cike ramin, ba mai sake shiga. Aka yanka dutsen, aka goge fuskarsa ta yi sumul, aka dasa shi cikin ɗan faifan roba mai faɗin murfin kwalba. In an sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, can gefe kusa da wata tsaga, sai a ga ɗigon: ruwan toka, yana ƙyalli irin na ƙarfe, bai kai kan allura ba.

An san abin da ke cikinsa. Wani tsohon gwaji ya nuna abu uku ne, daidai wa daida: kobalt, da farar wuta, da antimoni, irin wanda ake samu a wani dutsen kwalli. Ma'adinai masu wannan haɗin ba su da yawa a duniya, kuma da wuya a gamu da su. Akwai kostibayit, akwai ɗan'uwansa parakostibayit. Kayan gininsu ɗaya, yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a ciki ne ya raba su. Farfesa kuwa ya kafe a kan nasa ba ya cikin waɗanda aka sani. Ya ce in ya juya shi ƙarƙashin haske yana ganin wani ɗan ja-ja da babu littafin da ya ambata. Sabon jeri ne, in ji shi, har ya zaɓar masa suna, sunan mahaifiyarsa, wadda ta yi wankau ta biya masa makaranta. Malama ta leƙa madubin nan iya leƙawa. Wata rana ta ga ja-jan, wata rana ba ta gani ba, ta rasa idonta ne ko son malaminta.

Hanya ɗaya ce za ta raba gardama, a ciro ɗigon daga dutsen a sa shi a na'urar eksire, mai irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ta nuna yadda zarra suka zauna. Farfesa ya ƙi. Abin yana da tauri, ya ce, wuƙa ma da kyar take yi masa zane, amma ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. In ya tarwatse ina za a samo wani? Haka aka yi ta "sai baɗi" har ya yi ritaya, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi.

Ranar da ta je gaishe shi bayan an sallamo shi daga asibiti, ta same shi a ɗakin ƙasa, an turo gadon kusa da taga. Warin man zafi ya cika ɗakin. Matarsa, wadda kowa a sashensu na jami'a yake kira Mama, tana ba shi shayi da cokali, rabi na shiga rabi na bin haɓarsa. Ya nuna aljihun teburin gefen gado da hannun da ke motsi. Faifan yana ciki, a naɗe cikin tsohuwar safa.

"Ki ciro shi," ya ce. Maganar ta fito a karkace, sai da ya maimaita ta gane.

"Baba, ka tabbata?"

"Ni na gaji da jira. Ke ba ki gaji ba?"

Ta gaji, amma ba ta faɗa ba. Darussa sun yi mata yawa tun da abokan aikinta biyu suka bar sashen ba a maye gurbinsu ba, ga takardun jarrabawa jibge a kan kujerar baƙi, ga ciwon baya da ke tashe ta tun kafin gari ya waye.

Ta zaɓi safiyar Asabar, lokacin da babu kowa a sashen sai ƙarar fanka. Ta rufe tagogi, ta kashe fankar don kada iska ta ɗauke mata aiki, nan da nan zufa ta keto mata. Ta ɗiga ɗan mai a kan ɗigon saboda ko ya fashe kada ɓarɓashin ya yi tsalle. Sannan ta ɗauki allura mai ƙarfi ta shiga sassaƙe dutsen da ke kewaye da shi, kaɗan-kaɗan, tana ɗauke numfashi duk sanda bakin allurar ya matso. A cikin madubi allurar ta zama kamar tabarya, rawar hannunta kuma ta zama girgizar ƙasa. Wuyanta ya ƙage. Ta tashi ta miƙe, ta koma.

Ya rage ɗan kaɗan ya fito sai ta ga layi ya ratsa shi. Babu ƙara, babu komai. Gefe guda ya ruguje ya zama baƙin gari cikin man, ɗaya gefen ya tsaya. Ta janye hannunta ta ɗora a cinya, ta zauna har zufar ta bushe a jikinta. Da ta sake leƙawa ta ga abin da ya saura zai isa, in Allah ya so. Ta manna shi a bakin wani siririn zaren gilashi, ta sa a kwalba, kwalbar a akwatin tabarau, akwatin a cikin rigarta.

Na'urar da za ta yi aikin tana wata jami'a mai nisa, wuni guda a mota. Mijinta ya kai ta tasha yana cewa wannan ce tafiyarta ta farko da jaka ba nauyi. Ta sauka gidan ƙanwarsa da niyyar kwana ɗaya. Da ta isa ɗakin gwajin sai mai kula da na'urar, wani dogo mai jajayen idanu da ke cin burodi a tsaye, ya ce famfon ruwan da ke sanyaya ta ya lalace, an aika a kawo wani.

"Yaushe zai iso, Malam?"

"Dakta, in na ce miki gobe na yi ƙarya, in na ce jibi ma ban sani ba."

Ta yi ta zuwa kowace safiya tana zama a bencin baranda, tana duba takardun jarrabawar da ta taho da su, ta koma da yamma ƙafafu a kumbure. Ƙanwar mijin tana yi mata tsiya: "Yaya, wai duk wannan wahalar a kan abin da ko a ido ya faɗa ba za a ji ba?" Mama kuma kullum sai ta bugo waya. "'Yar nan, yana tambaya." Sai Malama ta ce a gaya masa ana nan ana ƙoƙari.

Da famfon ya iso, aikin bai ɗauki wani lokaci ba. Mai na'ura ya ɗaura zaren gilashin, ya rufe ƙofar ƙarfe, abin ya shiga juyawa a hankali yana ɗan gurnani. Ɗige-ɗigen haske suka fara bayyana a kan kwamfuta, tsaf-tsaf, gwanin kyau. Bayan azahar lissafin ya fito. Jerin zarra kamar ɗaki ɗaya ne da ake ta maimaitawa, ɗan ƙarami, mai siffar akwatin ashana: tsawo daban, faɗi daban, kauri daban, kusurwoyi duk a miƙe. Ba ta buƙaci buɗe littafi ba. Ta koyar da waɗannan awon a aji har ta haddace su.

"Kostibayit ne," ta ce.

"Ai kuwa ya fito da kyau," in ji mai na'ura. "Ban taɓa ganinsa ba sai yau. Ba haka aka so ba ne?"

"A sake gwadawa, don Allah."

Ya dube ta, ya dubi agogon bango, ya sake ɗaurawa. Amsa ba ta canja ba. Ja-jan da Farfesa yake gani wataƙila wani ɗan datti ne a fuskar dutsen, ko tsufan fitilar madubinsu, ko ba komai ba. Ta yi godiya, ta karɓi kwalbarta. A motar komawa ta yi barci tun daga tasha har tasha, ta farka bakinta da ɗaci.

Ba ta wuce gida ba, gidan Farfesa ta nufa. Mama ta tare ta a ƙofar kicin, ta dubi fuskarta sau ɗaya ta gane.

"Ki ce masa ya dace," Mama ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Wa zai sani? Kwana nawa ya rage masa? Ni na zauna da dutsen nan fiye da yadda na zauna da shi, ki bar ni in ga ya yi murna."

"Mama, zai ce in nuna masa awon."

"Sai ki ce kin manto."

Malama ta tsaya riƙe da marfin ƙofa. Ta so ƙwarai ta iya. Amma da ta shiga ta ga yadda ya ɗago kai daga matashi, ido ɗaya a buɗe sosai ɗaya a lumshe, irin kallon da yake yi wa ɗalibi a ranar kare bincike, sai bakinta ya faɗi gaskiya tun kafin ta gama shawara. Ta gaya masa sunan, ta gaya masa awon, ta ce an gwada an sake gwadawa.

"Na'urarsu ce," ya ce.

"Lafiyarta ƙalau, Baba."

"To ke ce. Kin ciro wanda ba shi ba."

"Shi na ciro. Kuma ko a haka ma abin rubutawa ne, ba kowa ke samunsa ba. Sai mu fitar da 'yar takarda a mujallar bincike, sunanka a gaba."

"Kar ki sa sunana."

Ya juya fuskarsa bango, da kyar, don juyin ma aiki ne a wurinsa. Mama ta raka ta har bakin ƙofa, ko "ki gaida gida" babu.

Ta koma bakin aiki. Ta gama duba takardu, aka kawo wasu. Ta rubuta 'yar takardar a tsakanin darussa, shafi kaɗan, ta ajiye ba ta aika ba. Mijinta ya lura ta daina cin abinci sosai, ya ce, "Ke kika halicci dutsen ne da za ki ɗora wa kanki laifi?" Ta ce ba laifi take ji ba, gajiya ce kawai. In ta bi ta titin gidan Farfesa sai ta rage gudu, sannan ta wuce.

Sai da aka kwana biyu Mama ta bugo. Muryarta a dushe. "Ki zo ki raba ni da mutumin nan. Ya ƙi shan magani, wai sai an nuna masa. Ni ban san me zan nuna masa ba."

Ta je bayan la'asar da kwamfutarta. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai amsa gaisuwarta ba, ya dai nuna cinyarsa. Ta jingina shi da matasai, ta ɗora masa kwamfutar, ta sa masa tabarau, ta buɗe hoton da na'urar ta zana: ƙwallaye masu launi uku cikin ɗan akwatinsu. Kowane kobalt yana zaune a tsakiya, shida sun kewaye shi, antimoni uku, farar wuta uku. Kowane rukuni ya haɗa gefe da na gaba da shi, suka yi sarƙa suka miƙe.

Ya daɗe yana kallo.

"Juya shi."

Ta juya da yatsa.

"A hankali. Ina za ki?" Ya matso da fuska. "Kin ga antimoni da farar wuta sun riƙe juna bibbiyu?"

"Na gani, Baba."

"Kin sa shi a takardar?"

"Na sa."

"Kin auna tazarar?"

Ta gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro wanda ta san shi tun tana ɗaliba, wanda ba yabo ba ne, ba kuma faɗa ba. Mama ta shigo da magani da ruwa, ta miƙa masa, ya buɗe baki ya haɗiye idonsa na kan hoton.

"Ashe ɗan ƙaramin ɗaki ne," ya ce. "Duk shekarun nan." Sannan ya ce, "Ki kawo takardar in gani. Na san kin cika ta da surutu."

"Zan kawo."

"Juya kuma."

Ta yi ta juyawa, sarƙoƙin suna kwanciya suna tashi, har ta ji numfashinsa ya yi nauyi, tabarau ya zamo kan hancinsa. Ta zare masa shi, ta rufe kwamfutar, ta ce bari ta ɗan huta kafin ta tashi. Kujerar gefen gadon mai laushi ce, rana ta sauka daga kan tagar. Da Mama ta dawo ɗaukar kofi ta same su duka biyu suna barci, shi baki a buɗe, ita kai a jingine da bango, takalmi ɗaya ya zame daga ƙafarta. Mama ta tsaya ta dube su, ta ɗauki kofin, ta je ta buga wa mijin Malama waya ta ce ya zo da mota in ya tashi daga aiki, matarsa ba za ta iya tuƙi yau ba.