Tabon da Ke Haɓar Baba

Shekara shida Auta ta yi tana ƙera fuskokin 'yan katun a kwamfuta, amma ba wadda ta ba ta wuya kamar ta mahaifinta. Yayyenta ne suka roƙe ta, don jikoki su san kamanninsa. Hotuna uku kacal marigayin ya bari, su ma duk sun koɗe.

Ran Asabar da hantsi ta ajiye kwamfutar kan teburin ɗinkin Umma, ta ture almakashi da zare gefe, ta nuna mata fuskar da ta ƙera.

Umma ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Hancin dai nasa ne. Amma Auta, wannan ai ƙwai kika ɓare. Mutumin da ya shekara arba'in yana walda, ina ya samo fata sumul haka?"

Auta ta yi dariya, ta buɗe wani hoto mai ruwan toka a gefe.

"Wannan ake shimfiɗa wa fuskar. Inda na shafa fari, kwamfuta ta ɗauka tudu ne. Inda na sa baƙi, kwari. Sai ta raba haske da inuwa daidai da hakan."

"To, sa baƙi nan."

Umma na nunawa da yatsa, Auta na zanawa: gurbin gilashin walda a karan hanci, layi uku a goshi, lotsawar kumatun hagu, don da gefe ɗaya yake murmushi. Da suka zo haɓa, Umma ta ce a ja tabo, gajere, a karkace.

"Ranar da aka haife ki ya same shi. Ana yi masa albishir ya juyo a gigice, ƙarfe ya yanke shi."

Auta ba ta taɓa jin wannan ba. Ta ja layin a hankali, ta matso da fitilar da ke haska fuskar a cikin kwamfutar, sai ga tabon ya fito.

"Juya min shi gefe," in ji Umma.

Auta ta juya fuskar. Bakin haɓar ya koma sumul.

"Ina tabon?"

"Dama ba a sassaƙa shi ba, Umma, dabarar haske ce kawai. Daga gefe asirinta ke tonuwa. In ana son na gaske, sai na sake taɓa ƙirar fuskar kanta, aikin kwana biyu."

Umma ta murza bakin mayafinta.

"Sassaƙa. Ni a gefensa nake zama, ta nan na san shi."

Auta ta rufe hoton tokar, ta buɗe ainihin ƙirar. Umma ta jawo kujera kusa da ita.