Furen Gunvor

"Ta gindi za ki riƙe ta, 'yar nan, ba ta baki ba! Sai ka ce mai ɗaukar bokitin shara."

Malin ta gyara riƙon tukunyar, ta tallafe ta a ƙirji kamar jinjiri. Tun da hantsi take hawa da sauka, tana kwashe furannin Sixten, maƙwabcinta na ƙofa da ƙofa, zuwa ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene. Shi kuwa yana zaune a kujerar da ta fito masa da ita bakin ƙofa, bargo a cinya, siririyar robar iska a hanci, yana ta ba da umarni kamar ba shi ne gobe za a ɗauka zuwa gidan jinya ba. Tilda, 'yarta mai shekara uku, tana tsugune kusa da ƙafarsa tana tsince busassun ganyaye.

"Wannan ce ta Gunvor," in ji shi, ya tsaya ya ja numfashi. "Sauran in sun mutu, sun mutu, ana sayar da irinsu a bakin tasha. Wannan kuwa daga tagar mahaifiyarta ta fito. Duk shekara ina yankan reshe in dasa, don kada a rasa iri. Bana hannuna ya ƙi. Ita kaɗai ta rage."

Malin ta san furen. Da bazara, in ta dawo daga ɗauko Tilda, shi ne abin da take fara hangowa daga titi: ruwan hoda mai haske, da ɗigon ja a tsakiyar kowane ƙunshi. Gunvor, matar Sixten, ta rasu tun kafin su Malin su tare a benen, amma kowa ya san furenta.

"Me zan riƙa yi mata?"

"Ba komai."

"Haba, Sixten."

"Na ce ba komai. Ki ajiye ta a sanyi, a duhu. Kada ki ba ta ruwa, kada ki leƙa ta. Ganyen zai yi rawaya, zai zube, za ta koma kamar tsinke. Barci take yi. Sai rana ta dawo a watan Maris ki hau da ita. In ta yi toho ki kawo mini in gani." Ya yi 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Likita ya ce kada in sa rai da Maris. Na ce masa shi ma kada ya sa rai da ni kafin nan."

"Kuma duka ka bar mini? Sixten, na go..."

"Kul!" Ya ɗaga yatsa. "Uwarki ba ta koya miki ba? Ba a gode wa wanda ya ba da shuka. Da kin gode, ta mutu. Ki ɗauka ki wuce kamar wadda ta sata."

Haka yake yi mata tun farko. Lokacin da suka tare, tagarsu ce kaɗai a layin babu tukunya ko ɗaya, sai 'yar fitila. Ya tare ta a matakala ya ce ko rasuwa aka yi musu ne? Ta ce masa ita ba ta ajiye abin da yarinya za ta tsinka ta kai baki, ta ji an ce wasu ganyayen guba ne. Washegari da ta je zubar da shara, sai ga babbar shukarsa mai faɗin ganye, wadda ta kusa taɓa rufin falonsa, kwance a cikin kwandon. Ita ce mai gubar. Daga nan Tilda ta sami izinin shiga wurinsa cin burodin kirfa. Kuma duk sanda Joel, mijin Malin, ya tafi aikinsa na jirgin ruwa ya bar su su biyu, ƙofar Sixten ba ta rufuwa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da Malin, shi ya wuni da yarinyar. Da ta zo yi masa godiya sai ya cusa mata ɗan dashe a hannu. "To, yanzu bakinki ya rufu," in ji shi.

Nuwamba ta shigo da duhunta. Kafin a gama abincin rana an kunna fitilun titi. Ƙofar Sixten ta kasance a rufe, takardun talla suna taruwa a ƙarƙashinta. Malin ta riƙe maganarsa, ba ta sauka ba, har ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba, ta je ɗauko wa Tilda abin sulunta na kan ƙanƙara.

Ta kunna fitila. Tukwanen na jere a kan katako, ganye ya zube a ƙasa kamar an yi shara ba a kwashe ba. Ta Gunvor ta fi kowace muni: rassa uku tsirara, da ganye biyu da suka ƙanƙance. Ta sa yatsa a ƙasar tukunyar, ta ji ta ƙeƙashe kamar siminti. Sanyin ɗakin ya ratsa ta har ƙashi.

Malin mace ce da har yanzu takan sa tafin hannu a bayan Tilda in tana barcin rana, don ta ji numfashi. Ba ta iya barin abu mai rai a sanyi ta juya baya. Ta tsaya tana lissafi a ranta: Sixten ya tsufa, yana ciwo, wataƙila ɗakin ajiyarsa bai kai nata sanyi ba. In ta bar ta ta bushe fa? Me za ta kai masa a Maris? Ta ɗauki tukunyar, ta sa ta cikin rigar sanyinta, ta hau da ita.

Ta ajiye ta a tagar kicin, daidai saman hita mai ɗumama ɗaki, inda ya fi ko'ina ɗumi. Ta ba ta ruwa kaɗan. Washegari ta ƙara. Ba a daɗe ba sai ga toho, dogaye, farare sol, suna miƙewa suna neman hasken da babu. Malin ta yi murna har ta kira Joel a waya.

"Ta farfaɗo! Da na bi ta tsohon nan da tuni ta mutu."

"Ke dai kin fi shi sanin shukarsa ke nan," in ji Joel, ana jin ƙarar inji a bayansa.

"Ka yi ta zolaya. Ni na ga abin da na gani."

Tilda ma ta sami aiki. Kowace safiya sai ta hau kujera da ɗan kofinta na roba, ta zuba wa furen Baffa Sixten ruwa.

Bayan Kirsimeti tohon ya fara langaɓewa. Gindin rassan ya yi duhu. Malin ta ƙara ruwa, ta sayo abincin shuka a kwalba ta ɗiga. Duhun ya ci gaba da hawa.

A farkon Janairu ta je gidan jinyar, ta bar Tilda a makarantar reno. Ɗakin Sixten yana kallon filin ajiye motoci. Ya rame har zoben aurensa yana yawo a yatsa, ga jakar ruwa a rataye tana ɗiga cikin jijiyarsa.

"Kin ga aikin Bertil," ya ce, yana nuna jakar da haɓa. Bertil ɗansa ne, yana can birnin Malmö. "Daga waya yake ba da umarni a yi ta ɗura mini ruwa. Na ce su ƙyale ni in huta, sun ƙi. Ina 'yar ƙwalisa?"

"Tana makaranta. Ta ce in gaishe da Baffa."

"Su kuma mutanen ɗakin ajiya? Suna barci?"

"Suna barci," in ji Malin, idonta a kan bargo.

Ya miƙo hannu, ta ba shi nata. Ta ɗauka riƙewa kawai zai yi. Sai ya ja yatsunta a hankali zuwa hancinsa, ya shaƙa. Da safen nan ta tsittsinke matattun ganyen, kuma ƙamshin ganyen furen nan mai yaji ba ya barin hannu ko an wanke da sabulu. Ya daɗe riƙe da yatsun, idonsa a rufe.

"Mai barci ba ta da ganyen da za a murza," ya ce. "Wacce kika hau da ita?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kawo mini ita gobe. Ki zo da wuƙar fere dankali."

Ta kawo ta a cikin kwali, ta naɗe da tawul saboda sanyin hanya. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga masa kan gado, ta shimfiɗa jarida a cinyarsa. Ya latsa gindin reshe da babban yatsa, yatsan ya nutse. Bai dubi Malin ba.

"A kan hita?"

"Eh."

"Kullum ruwa?"

"Ni da Tilda. Sixten, na ga kamar tana mutuwa ne. Sanyin ɗakin nan, ko kare ba za ka..."

"Riƙe mini tukunyar. In akwai wuri ɗaya mai kore a ciki, za a iya dasawa."

Ya yanki reshe na farko daga ƙasa. Cikinsa baƙi. Ya matsa sama ya sake yanka, ruwan ƙasa-ƙasa. Ya yi ta bi gaɓa gaɓa har ƙarshe, gutsattsarin suna faɗowa kan jarida. Ya koma na biyu. A na uku sai wuƙar ta suɓuce masa, Malin ta ɗauka ta ci gaba, yana nuna mata inda za ta sa. A can ƙoli, gaɓar ƙarshe, ta yanka ta miƙa masa. Ya kai ta kusa da ido, ya juya ta wajen taga. A tsakiyar koren akwai ɗigon baƙi, ƙanƙani kamar kan allura.

Ya ajiye ta a kan sauran.

"Garin gyaran gira," ya ce, bai ƙarasa ba.

Malin ta toshe baki da bayan hannu. Kukan ya zo mata da ƙarfi har kafaɗunta na girgiza. "Zan nemo irinta. Zan bi gidan furanni ɗaya bayan ɗaya, zan tambayi dangin Gunvor, dole wani yana da..."

"Dangin Gunvor suna maƙabarta, 'yar nan. Ni ne na ƙarshe da na san tagar da ta fito." Ya share hannunsa a bargo. "Daina kukan nan, kada ki jiƙa ni, ruwan da ake ɗura mini ya isa. Gunvor ma ta kashe guda a shekararmu ta farko. Haka ta yi, a kan murhu. Amma lokacin uwarta na da rai, aka sake yanko mata."

Ya mai da kansa kan matashi, ya rufe ido har ta zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "To, ai yanzu hanya ta buɗe miki. Godiyar nan da take cin ranki, ki yi ta. Ba abin da za ta kashe."

Malin ta buɗe baki. Shukar da ya jefar a shara ta zo mata, da burodin kirfa, da wunin zazzaɓi, duk suka taru a ranta. Ga gutsattsarin rassa a kan jarida. Ta ga in ta faɗa, ta yarda ke nan an gama. Ta naɗe jaridar, ta ce, "Zan dawo ranar Lahadi da Tilda."

"To," in ji shi.

Ranar Lahadi Tilda ta tashi da tari, Malin ba ta yarda ta fitar da ita cikin sanyi ba, kuma ba ta da wanda za ta bar wa ita. Lahadin da ta biyo baya Bertil ne ya buga mata ƙofa, da baƙar riga da makullin gidan mahaifinsa a hannu. Ya ce tsohon ya cika shekaranjiya da rana, bayan ya sa an cire masa jakar ruwan. Ya tambaye ta ko ta san inda ake kai tsofaffin kujeru. A tagar falon, bayan ya kwashe komai, sai zagayen da gindin tukwane suka bari a jikin katako.

"An ce furanninsa na wurinki," in ji Bertil. "Ki riƙe, ni ban iya da su ba. Na gode ƙwarai da..."

"Kada ka gode," ta ce da sauri, har ya ja da baya.

Ba ta sake sauka ɗakin ajiya ba sai da rana ta fara kaiwa tagar kicin a watan Maris. Ta sami sauran yadda ta bar su, busassu, ƙura ta rufe su, kuma a jikin kowane tsinke ga ƙananan toho kore shar. Ko ɗaya bai mutu ba. Ta daɗe tsaye a cikin sanyin kafin ta fara ɗauka.

Ta jera su a taga, masu ja da masu fari da mai ruwan goro, duk da ba wanda ya buɗe tukuna. Tukunyar Gunvor tana ƙarshen layi. Ba ta zubar da ƙasar ba, kututturen uku suna nan a yanke.

Da safe Tilda ta jawo kujera, ta hau da kofinta na roba. Ta wuce masu tohon duka, ta tsaya a kan ta ƙarshe.

"Mama, ta Baffa tana jin ƙishi."

Malin ta miƙa hannu za ta riƙe ta, sai ta mai da hannun cikin aljihun rigarta. Yarinyar ta karkata kofin da hannu biyu, harshe a waje. Ruwan ya tsaya kaɗan a saman ƙasar, sannan ya nutse, ya fito ta ƙasa, ya cika ɗan farantin, ya fara ɗiga a kan hita.