Fuskar Alhassan a Faifan Nasara

Hawwa ba ta taɓa taka gidan bidiyo ba, kuma da son ranta ne, har ta koma ga Allah ba za ta taka ba. Ina ita ina rumfar zana mai warin esansi, man injin, da zufar samari? Amma ranar kasuwar Urafane sai ga ta ta sauko daga amalanke da hantsi, ta nufi rumfar Ƙadri, ƙanin marigayi mijinta Alhassan. Abu guda ya kawo ta: tana son ta sake ganin fuskar mijinta.

Alhassan bai bar hoto ba. Katin shaidarsa ma gara ta cinye shi. Fuskar kuwa ta fara ɓace wa Hawwa. Tana tuna muryarsa da tarinsa na asuba, amma in ta rufe ido ta nemi fuskar, sai hula da gemu kawai take gani. Abin yana cin ranta, kuma ba wanda ta gaya wa sai Ƙadri.

Shekarar da fara ta haɗu da fari ne wasu Nasara suka zo da manyan motoci, suka kafa tantuna a tudun rairayin da ke bayan ƙauyensu. Wai fim za su yi na wata duniya da ruwa ya ƙare mata ƙaf, kuma wai sun zaga ƙasashe ba su ga inda ya yi kama da matacciyar duniya irin nan ba. Ka ji fa! Gonakin bayin Allah ne matacciyar duniyar. Suka ɗebi mazan gari, har da Alhassan, suka ƙaƙaba musu fuskokin roba masu hanci kamar tiyo, suka yi ta sa su gudu cikin rana. Da yake ana ba su shinkafa da sardin, ba wanda ya ce uffan. Nasara suka tattara suka tafi, kafin a kai ga girbi zazzaɓi ya ɗauke Alhassan.

To, bana ga fari ya dawo, soja sun sake karɓe mulki a Yamai, sai faifan fim ɗin ya ɓulla a kasuwar Maraɗi. Ƙadri ya sayo, ya aika wa Hawwa cewa an rubuta a kwalin faifan wai bayan fim akwai ƙari, inda ake nuna yadda aka yi aikin, mutane ba fuskar roba. Shi ma bai kalla ba tukuna, don gurup ɗinsa, injin ba da wuta, ba ya samun esansi sai ranar kasuwa.

"A'a, matarmu! Yau ke ce a silima?" in ji Ƙadri, yana share mata benci.

"Kai dai kunna mini abin naka ka bar surutu. Wanka Alhassan ma bai yi mini wanga iyayi ba."

Rumfar ta cika maƙil, samari a gaba, dattawan ƙauyensu a baya, kowa ya zo ganin kansa. Aka kunna tele, akwatin kallon, aka fara. Jirgin ƙarfe ya sauka daga sama, ana farautar wata farar mace wadda ita kaɗai ta san inda rijiyar ƙarshe take, ana harbi da wuta shuɗiya, masu hancin tiyo suna faɗuwa rututu. Samari sai ihu suke. Hawwa kuwa ta ƙura ido har ya yi ruwa, amma ina! Duk dodannin kamarsu ɗaya. Ta yi tsaki.

"Yi haƙuri, ga ƙarin nan," in ji Ƙadri.

Sai ga wanda ya shirya fim ɗin a cikin telen, wani mai jajayen kunnuwa, ya harɗe a kujera da gorar ruwan sanyi a hannu, yana zuba Faransanci. Ƙadri ya ɗan taɓa lakwal, makarantar boko, shi ke fassarawa.

"Ya ce sun yi sa'a ƙwarai. Ya ce mutanen nan ba sai an yi musu kwalliyar yunwa ba, haka suka same su."

"Sa'a?" in ji wani dattijo daga baya. "Allah ya isa!"

"Ya ce wata safiya mai ɗaukar hotonsu ya laɓe bayan tudu, ya kamo wani abin mamaki."

Hoto ya sauya. Ga wani mutum can nesa, durƙushe, ya ba da baya, yana tono da 'yar fartanya. Aka jawo shi kusa. Hawwa ta gane rigar kafin ta gane mutumin, don ita ta yi mata facin nan na kafaɗa. Alhassan ne, yana tonon gidan tururuwa, yana kwasar hatsin da ƙwarin suka tara, yana kakkaɓe su daga hannunsa.

Duk wanda ya ga waccan shekarar ya san wannan aiki, ya kuma san ƙa'idarsa. In ka tarar da mutum a gidan tururuwa, ba ka gan shi ba. Ba sallama, ba gaisuwa, ka kau da kai ka bi wata hanya, gobe ku haɗu a masallaci kamar ba a yi ba. Shi Alhassan, mai rumbu huɗu a da, cewa yake yi wani amininsa na Baudeta ne ke ba shi tsabar. Hawwa tana sheƙa tana tsince kawunan tururuwa, tana cewa Allah ya saka wa aminin nan. Har ya mutu ba ta bari ya san ta sani ba. Abin da matarsa ta rufe, gari duka ya rufe, shi ne wani ƙato ya laɓe kamar ɓarawon akuya ya ɗauka, ya haɗa da kiɗa mai daɗi, ya kai kasuwannin duniya. Tir da wannan rashin ta ido!

Wani saurayi ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai, tsohon nan da tururuwa yake kokawa!"

Ba wanda ya taya shi. Dattawan baya sun riga sun sunkuyar da kai, wasu sun juya wa telen ƙeya ɗungurungum, kamar yadda za su yi da a daji suka tarar da shi.

Hawwa ta miƙe. Ta ratsa samarin nan tana kwance mayafinta.

Ƙadri ya tare ta, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Dakata, don Allah. Ga shi zai waiwayo. Yanzu za ki ga fuskar."

Gaskiya ya faɗa. Mutumin da ke cikin telen ya ji motsi, ya tsaya da tono, ya fara juyo da kansa a tsorace. Ga gefen gemun, ga kunnen. Saura kaɗan.

Hawwa ta runtse ido, ta yafa mayafin a kan telen, ta rufe shi ruf.

"Bai so a gan shi ba," ta ce. "Kashe."

Ƙadri ya kashe. Ya zare faifan ya miƙa mata da hannu biyu, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta fita cikin rana kanta ba mayafi. A kan amalanke ta sake rufe ido ta nemi fuskar. Hula da gemu ta gani, sai kuma facin nan na kafaɗa.