Kujerar Malam Jatau

"Ku ɗaga mana! Jirgin ubanku ne da zai jira ku?" in ji Firmina, ta bar ƙosanta a cikin manja ta biyo su.

Sabino da Lazaro, masu dakon kujerar haya mai labule da ake ɗaukar mutane a ciki, suka saɓa sandunan a kafaɗa. A bayan labule maƙwabcinta ne, Malam Jatau, wata uku ke nan ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Yau da safe jirgin ruwan Ikko zai tashi daga nan Bahiya ta ƙasar Birazil, ya ce ko da rarrafe sai ya shiga ya koma gida.

Turawan Fotugal sun san shi da Tome mai aski. 'Yan unguwa kuwa sun san shi ne malamin da ya ja bayi ɗari biyu suka ƙone rumbunan masunta, suka gwabza da sojan gwamna, shekara talatin da suka wuce.

Suka kama gangaren bakin teku da gudu, Firmina na haki. Daga cikin labule muryarsa ta tashi garau, kamar ba majinyaci ba.

"Ta nan muka sauko! Fararen riguna, adda a hannu! Sabino, ubanka na hannun damana, yana kabbara yana kuka!"

"Baba, rufa mana asiri, ga soja can!" in ji Sabino.

Sojan ya gitta bindiga. "Wa ke ciki? Me yake faɗi?"

Firmina ta dafe ƙugu. "Tsoho ne, ranka ya daɗe, zazzaɓi ke sa shi sambatu. Leƙa mana, sai dai agana ce."

Sojan ya toshe hanci ya yi tsalle gefe. Suna shan kwana Lazaro ya fashe da dariya har kujerar na tangaɗi.

"Agana! Iya, ke kam Allah ya shirye ki!"

"Yi sauri, sarkin surutu!"

Suka iso bakin teku ana ɗaga filafilan jirgin. Firmina ta yaye labulen. "Malam, ga shi can! Mun iso!"

Yana jingine, idanunsa a kan ruwa, ɗan alinsa, yatsan shahada, a miƙe bisa gwiwa. Ta sake kira. Sabino ya cire hula, ya yi salati a hankali.

Suka sauke kujerar a kan yashi. Igiyar ruwa ta zo ta jiƙa masa ƙafafu, ta koma.