Saƙon da Ya Riga Tabbaci Fita

Shekara shida rumbun bayanan cibiyar wankin ƙoda yana nan shiru, sai an tambaye shi yake amsawa. Wata injiniyar kwamfuta ce ta buɗe masa baki. Ta haɗa masa tsarin da duk canjin da aka yi a jadawalin majiyyata zai kwarara waje nan take, saƙo ya faɗa wayar duk wanda ya yi rajistar jiran gurbi. Wani ya soke zuwansa, na bayansa ya ji. Ta ji daɗin aikin nan ƙwarai, har mijinta ya laƙaba mata Mai Shela.

Sati biyu da farawa aka kira ta ɗakin karɓar majiyyata. Wani dattijo ne zaune a benci, ƙafafunsa sun kumbura sun fi ƙarfin takalmi, 'yarsa na riƙe da waya. Saƙo ya ce akwai gurbi ƙarfe goma, mota biyu suka hau kafin su iso. Injinan wankin kuwa kowanne akwai mutum a kai.

Injiniya ta duba, ga sokewa ta fita a saƙo, amma babu ita a rumbu. Ta tambayi akawun da ke kula da jadawalin. Ashe shafin sokewa ya fi saurin nuna lambar wayar majiyyaci, shi ya sa baiwar Allah takan danna sokewa, ta kwafi lambar, ta fasa. Tun fil azal haka take yi, rumbu kuma ba ya ajiye abin da ba a tabbatar ba. Ina laifin akawu? Injiniya ce ta sa shela ta riga tabbatarwa fita, don saurin daƙiƙa biyu da ba wanda ya roƙe ta. Kunya ta rufe ta.

Gyaran layi huɗu ne kacal a rubutun manhajar, a tsaye ta yi shi. Sannan ta je ta durƙusa gaban dattijon.

"Baba, kuskurena ne. Babu gurbi yau."

'Yar ta wanke ta tas, ta ce kwana tara ke nan ba a yi masa wanki ba. Dattijon ya ɗaga hannu, ta yi shiru.

"To 'yata, in wani saƙon ya zo, in taho ko in zauna?"

"Ka taho, Baba. Na gyara."

Ya gyaɗa kai, ya fara laluben sandarsa. 'Yar ba ta ko kalli injiniya ba. Ta sunkuya kan wayar, ta cire sunansa daga masu karɓar saƙo.